Shekara Nawa Ake Sa Ran Jariri Zai Yi? Yadda Ake Lissafin Tsawon Rai

'Yan'uwa manoma, sau da yawa mukan ji a rediyo ana cewa tsawon ran ɗan Nijeriya shekara 54 ne, na mutumin Japan kuwa ya wuce 80. Wasu sukan yi dariya su ce ai ga dattijon ekklesiyarsu ya ba 80 baya, har yanzu yana zuwa gona da fartanyarsa. Wasu kuma zuciyarsu takan karai, musamman wanda ya kai 50, sai ya ga kamar an yanka masa wa'adi. Dukansu biyu ba su ji maganar daidai ba. Don haka muka ga ya kamata mu bayyana abin da wannan lissafi yake nufi, da yadda ake samunsa a ƙasar da yawancin mutane ake haifarsu a gida, su mutu a gida, a binne su a ranar, ba wanda ya rubuta. Abin ya shafe mu, gama da irin waɗannan alƙaluma ne gwamnati da ƙungiyoyin taimako suke shawarta inda za a kai magani da ungozoma da rijiyar burtsatse.

Kwanakin kowane mutum a hannun Ubangiji suke, masu lissafi kuwa ba su ce sun san ranar kowa ba. Abin da suke yi ya yi kama da abin da magatakardan ƙungiya yake yi da kaka. Yakan tara buhunan dawa na dukan 'yan ƙungiya, ya raba da yawansu, ya ce bana kowa ya sami buhu goma sha biyu. Mai yiwuwa ba ko mutum ɗaya da ya sami goma sha biyu cif. Wani ya sami talatin, wani ƙuduji ya ci gonarsa ya tashi da uku. Duk da haka lissafin yana da amfani, domin yana nuna ko shekarar ta fi ta bara.

Bari mu yi misali da jarirai goma da aka haifa a ƙauye ɗaya. A ce biyu sun rasu suna da shekara ɗaya ɗaya, mace ɗaya ta rasu wajen haihuwa tana da 25, sauran bakwai kuwa kowa ya kai 70. In muka tara shekarunsu duka za mu sami 517. Mu raba da goma, sai ya zama kusan 52. Kun gani, bakwai cikin goma sun tsufa, amma lissafi ya ce 52. Yanzu a ce yaran nan biyu sun tsira daga ƙyanda da zazzaɓi, su ma sun kai 70. Jimla ta zama 655, watau shekara 65 da rabi ga kowa. Ba a ƙara wa tsofaffi ko kwana ɗaya ba, amma tsawon ran ƙauyen ya hau da fiye da shekara goma sha uku. Wannan shi ne babban abin da muke so a riƙe: a ƙasashe irin namu, mutuwar ƙananan yara ita ce take jan lissafin ƙasa. Wanda ya riga ya kai 50 ya tsallake wuraren da suka fi hatsari, sauran shekarun da ake sa masa rai kuma sun fi huɗu nesa ba kusa ba.

Masana ba sa jira jarirai su tsufa su mutu kafin su yi lissafi, in ba haka ba sai bayan shekara ɗari za a ji amsa. Sukan duba mace-macen shekara guda: cikin jarirai dubu nawa suka rasu, cikin 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu nawa, cikin samari nawa, haka har zuwa tsofaffi. Sa'an nan su ɗauki jarirai dubu na misali a kan takarda, su bi da su ta waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, ana ragewa a kowane mataki, har ba wanda ya saura. Wannan shi ake kira jadawalin rayuwa. Saboda haka in an ce 54, ma'anarsa ita ce: da a ce halin da ake ciki a wannan shekara zai dawwama ba canji, jaririn da aka haifa zai yi shekara 54 a tsaka-tsaki. Hali kuwa yana canjawa. A 1960 lissafin Nijeriya bai kai 40 ba.

Abin sha'awa, daga littattafan ekklesiya wannan ilimi ya taso. A 1662 wani ɗan kasuwa na birnin Landan mai suna John Graunt ya tattara takardun mace-mace da magatakardan ekklesiyoyi suke fitarwa mako mako, ya yi nazarinsu. A 1693 kuma Edmond Halley, masanin taurari, ya tsara jadawalin rayuwa daga rajistar haihuwa da mutuwa ta birnin Breslau, wanda yanzu yake ƙasar Poland. Wani fasto mai suna Caspar Neumann ne ya tattara wannan rajista. Da faston ya ce rubutun jana'iza ɓata lokaci ne, da Halley bai sami abin lissafawa ba.

To, a nan matsalarmu take. Turai da Japan suna rubuta kusan kowace mutuwa, da shekarun mamaci da abin da ya kashe shi. A Nijeriya akwai dokar 1992 da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma mutuwar da ake kaiwa rajista kaɗan ce ƙwarai, a ƙauye ma kusan babu. Ƙidayar jama'a ma ba ta zauna da gindinta ba. An soke ta 1962, an yi gardama a kan ta 1963, an soke ta 1973, sai 1991, sai 2006. Wanda bai san yawan mutane ba, bai kuma san yawan waɗanda suka mutu ba, yaya zai raba wannan da wancan? Dole sai an bi ta wata hanya.

Hanya ta fari ita ce ɗiban samfur. Malaman gona sun koya mana cewa kafin shuka a ƙirga ƙwayar iri ɗari, a sa a jiƙaƙƙen buhu, a ga nawa za su tsiro. In tamanin sun tsiro, mun san halin sauran irin ba tare da mun shuka shi duka ba, muddin dai mun ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan buhun. Haka binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa yake, wanda aka fara a 1990 ake kuma maimaitawa bayan 'yan shekaru. A 2018 an tambayi mata kusan 42,000 a jihohi duka, kowace ta lissafa 'ya'yan da ta haifa, da ranar haihuwarsu, da waɗanda suka rasu. Sakamakon ya nuna cewa cikin yara 1,000, 132 ba sa kai shekara biyar. A 2003 adadin 201 ne, a binciken 2023 zuwa 2024 kuma ya sauko 110. Amma wannan na ƙasa baki ɗaya ne. Binciken 2018 ya ba shiyyarmu ta Arewa maso Yamma 187, Kudu maso Yamma kuwa 62. Watau yaron da aka haifa a wajenmu yana fuskantar hatsari ninki uku na wanda aka haifa a ƙasar Yarabawa, alhali tuta ɗaya ce a kanmu.

Hanya ta biyu wani Bature ne mai suna William Brass ya fito da ita a shekarun 1960, domin ƙasashen Afirka musamman. Ya lura cewa uwa takan manta shekarar da ta haihu, amma tana iya faɗin yawan 'ya'yanta. Sai a yi mata tambaya biyu kawai: nawa kika haifa da rai, nawa ne suke raye? A kasa matan bisa ga shekarunsu. Kashin 'ya'yan da suka rasu a wurin mata masu shekara 20 zuwa 24 yakan yi kusa da hatsarin mutuwa kafin shekara biyu, domin 'ya'yansu ƙanana ne tukuna. Na mata masu 30 zuwa 34 kuwa yakan yi kusa da hatsarin mutuwa kafin shekara biyar. Daga baya aka faɗaɗa dabarar zuwa manya. Akan tambayi mutum ko mahaifiyarsa da mahaifinsa suna raye, ko kuma a tambaye shi 'yan'uwansa mata nawa suka isa aure, nawa suka rasu, cikinsu nawa ne da ciki ko wajen haihuwa ko cikin jego.

Dabarar tana da kyau, amma mu da muka san gidajenmu mun san inda take yoyo. Mace takan ji kunyar ambaton ɗan fari, wani lokaci ta tsallake shi a lissafi. Jaririn da ya koma kafin suna, da yawa ba sa ƙirga shi cikin 'ya'ya, ko dai don zafin tunawa ko don ana ganin bai zauna ba. Ɗan riƙo kuma, uwar da ta haife shi ta ƙirga, wadda take riƙonsa ma ta ƙirga. Ga batun shekaru: tambayi tsofaffi goma, takwas za su ce 60 ko 70, da kyar ka ji mai 63. Shi ya sa masu tambaya na kirki sukan riƙe jerin abubuwan da kowa ya tuna, su ce an haife ka kafin rasuwar Sardauna a 1966 ne ko bayanta, kina da wayo lokacin da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973, an yaye shi kafin a ba mu Jihar Zamfara a 1996? Yawancin waɗannan kurakurai gefe ɗaya suke karkata, suna rage yawan mace-macen da aka rubuta. Don haka masu lissafi sukan ɗaga adadin kaɗan, ɗagawar kuwa ƙiyasi ne.

Ko an san mutuwar yara sosai, da sauran aiki, gama jadawali yana bukatar kowane mataki har tsufa. A nan ake kawo abin da za mu kira jadawalin kwatanci. A 1966 wasu masana biyu na Amurka, Ansley Coale da Paul Demeny, suka tattara jadawalai na ƙasashen da suke da rajista mai kyau, suka ga cewa mutuwa tana da 'yan fasali kaɗan da take bi, suka kasa su gida huɗu. In ka san mutuwar yara a ƙasarka, sai ka zaɓi gidan da ya fi kama da naka, ka karanto sauran daga can. Kamar tela ne da aka aiko masa da awon wuya da na kafaɗa kawai, sai ya yanka sauran rigar bisa ga mutanen da ya saba ɗinka wa. Sau da yawa rigar takan shiga. Sai dai yawancin mutanen da aka auna tun farko Turawa ne na zamanin da, waɗanda ba su san zazzaɓin damina irin namu ba, ba su san sanƙarau na bazara ba. An yi ta gyara waɗannan jadawalai, an ƙara na Afirka, yanzu kuma da kwamfuta ake haɗa dukan binciken da aka taɓa yi a ja layi ta tsakiyarsu. Amma har yau mutuwar manya a Nijeriya ita ce wurin da awo ya fi ƙaranci. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba mu wajen 54 a 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba mu fiye da 62 a 2019. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Tela biyu ne da awon wuya ɗaya.

Akwai wani irin lissafi kuma, wanda yake tambaya mene ne yake sa wata ƙasa ta fi wata. A 1975 Samuel Preston ya jera ƙasashe bisa ga arzikinsu da tsawon ransu. Ya ga cewa a wurin matalauta ƙarin kuɗi kaɗan yakan zo da ƙarin shekaru masu yawa, amma in ƙasa ta yi arziki, ƙarin kuɗi ba ya ƙara abin kirki. Wannan kamar taki ne: buhun farko a gonar da ta gaji shi yake nuna kansa, na goma ba ya ƙara komai. Ya kuma ga cewa daga shekarun 1930 zuwa 1960, ƙaruwar arziki ba ta bayyana fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarin tsawon ran da duniya ta samu ba. Sauran daga rigakafi ne da magunguna da tsabta da sani. A 1979 John Caldwell ya yi nazarin alƙaluman Ibadan da kewaye, ya nuna cewa karatun uwa yana kāre ran yaro ko da an cire bambancin arziki. Binciken 2018 ya sake nuna haka, gama mutuwar yara a wurin matan da ba su yi makaranta ba ta ninka ta waɗanda suka wuce sakandare wajen sau uku.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar abin dubawa ne. Ba su kai mu kuɗi ba, amma lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba su wajen shekara 61, sama da mu. Tsakanin 1998 da 2009 mutuwar yara 'yan ƙasa da biyar a can ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin dubu, bayan sun baza ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, sun raba gidan sauro, sun kuma ɗauke kuɗin magani ga ƙananan yara da masu ciki tun 2006. Mutumin Maraɗi gero ɗaya yake ci da na Ƙauran Namoda.

Sai dai a yi hattara da irin wannan lissafi. Abu biyu su yi tafiya tare, ba shi ke nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. In aka bincika za a iya tarar da cewa gidajen da suke da babur sun fi ƙarancin mutuwar yara. Wataƙila babur ɗin ne yake kai yaro asibiti da wuri, wataƙila kuma mai babur shi ne mai hatsi a rumbu har Agusta. Lissafi kaɗai ba zai raba gardamar ba, sai an je an gani.

Zuwa a gani ɗin an yi shi a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun bi ƙauyukan Garki, wadda yanzu take Jihar Jigawa, suna ƙirga sauro da zazzaɓi da mace-mace, har aka gina lissafin yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro da duniya ta daɗe tana amfani da shi. A shekarun 1970 an yi makamancin wannan a ƙasar Malumfashi. Mafi kusa da mu kuwa shi ne na Nahuce a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. A 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara, tare da wani shiri da gwamnatocin Ingila da Norway suka ɗauki nauyinsa, suka kafa cibiyar bin diddigin jama'a a can. A 2010 aka ƙirga mutane wajen 125,000 a gundumomi shida, har da Gada da Rawayya da Karakai, sa'an nan ma'aikata suka riƙa komawa gida gida suna rubuta ciki da haihuwa da mutuwa da ƙaura. In an yi rasuwa sai a zauna da dangi a tambayi yadda ciwon ya fara da yadda ya ƙare, domin a gane sanadin. Da aka yi wa mutanen wurin tambayar nan ta 'yan'uwa mata, lissafi ya nuna cewa cikin haihuwa 100,000, mata fiye da 1,000 suke rasa ransu. Watau fiye da ɗaya cikin ɗari a kowace haihuwa, macen da za ta haihu sau bakwai ko takwas kuma sau bakwai ko takwas za ta bi ta wannan ƙofa.

Akwai kuma abin da jadawalin kwatanci ba ya gani ko kaɗan, domin shi da abin da aka saba yake aiki. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba kwamfuta ce ta gano ba. Mutane ne suka ga yara suna ta suma da jijjiga, likitocin sa kai na MSF kuma suka auna jini. Haka sanƙarau na 2017, wanda ya fi tsanani a jiharmu. Rashin tsaro ma ya kawo nasa: ƙauyen da mai tambaya ba zai iya shiga ba, ko wanda mutanensa suka watse zuwa Gusau da Tsafe, ba ya shiga samfur, alhali a can wahala ta fi yawa. In an ɗebi iri daga saman buhu kaɗai, ba za a ga wanda ya ruɓe a ƙasa ba.

Me ƙungiyarmu za ta iya yi? A ganinmu, abin da faston Breslau ya yi. Aikin nan ba baƙon ekklesiya ba ne ko a Nijeriya, gama katin awon nauyin yara da ake ba uwaye a asibiti ya samo asali ne daga aikin Dokta David Morley, wanda ya zo asibitin Methodist na Ilesha a 1956 ya riƙa bin yaran ƙauyen Imesi-Ile ɗaya ɗaya. Kowace ƙungiya tana da magatakarda, kowace ekklesiya tana da zumuntar mata, su ne kuwa suke fara jin labarin ciki da haihuwa. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi, dabam da na bashin taki. A shafin haihuwa a rubuta rana da wata da shekara, namiji ko mace, sunan uwa da shekarunta, a gida ko a asibiti, da wanda ya karɓi haihuwar. A shafin rasuwa a rubuta rana, da shekarun mamaci, ga jariri kuwa kwanaki ko watanni, da alamun ciwon kamar yadda aka gani, ba sunan cutar da ake zato ba: zafin jiki kwana uku da jijjiga, zawo da amai, zubar jini bayan haihuwa. Jaririn da bai kai suna ba shi ma a rubuta shi, cikin ladabi, ta bakin wata dattijuwa da uwar ta amince da ita. Maƙwabta Musulmi da suke cikin ƙungiya, ko waɗanda suka yarda, a haɗa da su, tun da rijiya ɗaya muke sha. Littafin kuma amana ne, ba na karantawa a taro da sunaye ba.

Kada a yi ƙoƙarin fitar da tsawon ran ƙauye daga wannan littafi. Ƙauyen da ake haihuwa talatin a shekara, rasuwar yaro ɗaya ko biyu takan juya lissafin gaba ɗaya. Amma in ƙungiyoyi goma ko ashirin na gunduma suka haɗa nasu shekara uku, za a ga watannin da yara suka fi rasuwa, a san ko ƙarshen damina ne ko bazara. Da wannan za a san lokacin buɗe rumbun ƙungiya, da lokacin da asusun jinya ya kamata ya kasance da kuɗi a hannu ba a wurin masu bashi ba. Za a kuma iya dubawa ko masu raba maganin rigakafin zazzaɓi na damina, wanda ake ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 sau ɗaya a wata, wanda kuma aka fara kawowa Zamfara a 2015, sun iso kowace unguwa. Duk jaririn da aka rubuta, magatakarda ya tuna wa mahaifinsa ya je ofishin Hukumar Ƙidaya a sakatariyar ƙaramar hukuma ko asibiti mafi kusa ya karɓo takardar haihuwa, ya kuma rubuta lambar takardar a gefen sunan.